Kafin wani uba ya sayar da gonarsa ya kai ɗansa Peru neman magani

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina a kan rahoton da kuka buga kwanakin baya game da masu maganin gargajiya na ƙabilar Shipibo a dajin Amazon na ƙasar Peru, da jiƙon nan da ake kira ayawaska, wanda Turawa ke tururuwar zuwa sha don rabuwa da ciwon damuwa da shaye-shaye. Rahoton bai yi ƙarya ba, sai dai a bakin ƙofa ya tsaya. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, tun fitowarsa 'yan'uwa da abokai ke turo mini hotonsa ta WhatsApp, kuma tambayar ba ta wuce biyu: nawa ne kuɗin zuwa, ko kuwa za a iya aiko da shi a kwalba? Wani dattijo da nake jin nauyinsa, wanda tiramol ta ɗaiɗaita masa ɗa, cewa ya yi in dai maganin gaske ne zai ɗaga gonarsa ya sayar.

Ni ɗan Zariya ne, sana'ata harhaɗa magunguna, kuma na daɗe ina aiki a wani kantin magani a arewacin Ingila. A bakin kanta na fara cin karo da wannan batu. Sai ka ga mutum ya zo karɓar ƙwayar damuwarsa, ya rage murya, ya ce yana so ya san tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta fita daga jininsa in ya daina sha. In ka ɗan ja shi da hira sai ya ce ai ya riga ya biya kuɗin tafiya Peru. Daga baya wata abokiyar aiki, masaniyar halayyar ɗan Adam da ke raba shekararta tsakanin Ingila da wata cibiya kusa da birnin Pukalpa, ta nemi in duba musu takardar da suke tantance baƙi da ita, in jera magungunan da ba sa ga maciji da jiƙon. Ta nan gayyata ta zo, na ɗauki hutuna na je na gane wa idona. Ban sha ba, zan kuma zo kan dalili. Amma na zauna, na kalla, na yi ta tambaya har aka fara yi mini dariya.

Shipibo, ko Shipibo-Konibo a cikakken suna, mutanen kogi ne. Ƙauyukansu na jere a gaɓar kogin Ukayali da tafkunansa a gabashin Peru, yawansu ya ɗan haura dubu 30 a ƙidayar 2017, abin yinsu kamun kifi da noman rogo da ayaba. Daga Lima zuwa Pukalpa kusan awa ɗaya ce a jirgin sama, ka tsallake duwatsun Andis ka faɗa cikin zafi da laima, daga nan babur mai ƙafa uku ya kai ka bakin tafkin Yarinakoca, sauran tafiyar a kwalekwale mai inji. Matansu sun yi suna da wani zane mai layi-layi da ake kira kene, suna yin sa a jikin tukwane da zannuwa. A 2008 hukumomin Peru suka ayyana wannan zane a matsayin gadon ƙasa, a shekarar suka yi wa ilimin ayawaska haka, a 2016 kuma waƙoƙin warkarwar Shipibo suka bi sahu. A can shan jiƙon bai saɓa doka ba. Amma sinadarin da ke cikinsa mai sa gane-gane, DMT, yana cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, kuma a Ingila ko Faransa zai iya kai mutum gidan yari.

Na ga yadda ake dafa shi. Da sanyin safiya wasu samari suka sauke guntayen wata murɗaɗɗiyar kuranga mai kaurin damtse, suka kankare dattin bayanta, suka ɗora a kan kututture suna duka da gudumar katako har ta koma zare-zare. Aka shimfiɗa ta a gindin wata ƙatuwar tukunyar dalma, aka zuba ganyen cakuruna a kai, aka sake kuranga, aka sake ganye, har tukunya ta cika, sannan aka zuba ruwa aka hura wuta. Wuni guda tana tafasa, ana tsiyaye ruwan ana ƙara wani, a ƙarshe aka haɗa abin da aka tsiyaye aka ci gaba da dafa shi har ya ƙone ya koma baƙi-baƙi mai kauri. Warinsa kaɗai ya isa ya tayar maka da zuciya. Dattijon da ke kula da tukunyar bai matsa ko nan da can ba, yana zuƙar wata taba mai ƙarfi da suke kira mapaco yana busa hayaƙin a bakin tukunya.

A nan dole na sara musu. Ganyen cakuruna shi ke ɗauke da DMT, amma in ka dafa shi shi kaɗai ka sha, babu abin da za ka ji, domin akwai wani sinadari a hanji da hanta da ke wargaza shi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ita kuma kurangar tana ɗauke da harmin da 'yan'uwansa, waɗanda aikinsu shi ne su ɗaure wannan mai wargazawar na wasu awoyi. Sai an haɗa biyun abin ke aiki. Cikin dubban tsirran dajin, mutanen da ba su da ɗakin gwaji suka gano wannan haɗi. Masanin tsirrai Richard Spruce ya tarar ana shan kurangar a ɓangaren Birazil tun 1851, amma sai da aka haura shekara ɗari kafin kimiyya ta iya faɗin dalilin da ya sa ake haɗa ta da ganye. Duk wanda ya karanci magani ba zai raina wannan yanki na duniya ba. Daga can kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya fito, haka ma dafin kibiyar nan kurare, wanda likitoci suka fara sassauta jikin majinyaci da shi a ɗakin tiyata a 1942.

To, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan mai wargazawar da kuranga ke ɗaurewa, ba DMT kaɗai yake sharewa ba, shi ne kuma ke rage sirotonin, wani sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi, in ya yi yawa a jiki. Idan mutum na da ƙwayar damuwa irin su fuluksetin a jininsa, ko tiramol, ko wasu magungunan tari na ruwa, ya ɗora ayawaska a kai, sirotonin na iya taruwa ya wuce ƙima: zazzaɓi mai zafi, karkarwa, sandarewar jiki, ruɗewa, jijjiga, wani lokaci rai ya yi halinsa. Fuluksetin sai an yi mako biyar da dainawa kafin a amince ta fita. Dainawar ma wani haɗari ne mai zaman kansa, domin na ga waɗanda suka yar da ƙwayarsu ba tare da sanin likita ba, ciwon ya dawo musu da ƙarfinsa tun ba su hau jirgi ba. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai ciki, da wanda akwai taɓin hankali a danginsa, duk cibiyar kirki ba ta karɓarsu.

Yanzu, Edita, dubi wanda ake son a kai can ko a aiko wa da kwalba. Yaro ne da ke haɗiyar tiramol safe da yamma, wanda ba zai gaya wa mahaifinsa gaskiyar abin da ya sha jiya ba, balle wani baƙo a wata ƙasa ta bakin tafinta. Tiramol ita kaɗai tana kayar da mutum da jijjiga, ina ga an ɗora mata wannan. Abin da na gaya wa dattijon nan ke nan. Na ce, Baba, ka riƙe gonarka, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a yaye shi a hankali. Na san ba shi kaɗai ba ne: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi tu'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Iyayen da suka rasa mafita suna da yawa, kuma mai neman mafita shi ake damfara. Kwalbar da ake tallatawa a intanet kuwa, babu wanda ya san abin da aka ɗura a ciki, kuma jami'an NDLEA ba za su saurari labarin gadon ƙasar Peru ba.

Sai dai babban abin da rahoton ya tsallake ba wannan ba ne. Ya nuna kamar maganin a cikin kofin yake. Shipibo ba haka suka ɗauke shi ba.

Mai maganinsu, wanda suke kira onanya, ba da shan jiƙo yake zama onanya ba. Killace kansa yake yi a bukka a gefen daji, watanni, wani lokaci fiye da shekara, yana shan jiƙon tsiro guda ɗaya, bobinsana ko cirik sanango ko wani, ba gishiri, ba sukari, ba mai, ba barkono, ba barasa, ba kusantar iyali. Abincinsa gasasshiyar ɗanyar ayaba da kifi marar kitse. Ya gama da wannan tsiro, ya huta, ya kama wani. Da harshensu "sama" suke kiran wannan horo, kuma shekaru ake yi ana bin sa a ƙarƙashin kaka ko kawu. A imaninsu kowane tsiro da mai shi, kuma shi ke koya wa mai halwar waƙa a mafarki. Ko ka yarda da wannan ko ba ka yarda ba, mutumin da ya yi shekara goma yana gwada tsirrai ɗaya bayan ɗaya a jikinsa ya san abin da ba a sani daga waje.

Abin da zai ba masu karatu mamaki shi ne, a tsarinsu na da, yawanci mai maganin ne ke sha, ba majinyacin ba. Ya sha da dare don ya "ga" ciwon, ya rera waƙa a kan marar lafiya, ya busa masa hayaƙin taba, wani lokaci ya tsotsi inda ke ciwo. Da gari ya waye sai ya faɗi ainihin maganin: wannan ganye a sha, wancan sassaƙe a yi wanka, a yi sirace, a yi tausa, a bar cin kaza da kaza. Bernd Brabec de Mori, masanin kiɗan gargajiya ɗan Ostiriya da ya yi shekaru a Ukayali, ya yi bayanin wannan, ya kuma kawo hujjar cewa jiƙon bai kai dubban shekarun da 'yan talla ke faɗa ba a wannan kogi, ya fi yaɗuwa ne a 'yan ƙarnonin baya ta hanyar garuruwan mishan da cinikin roba. Zuwan baƙi ne ya juya abin. Wanda ya biya dala dubu biyu ba zai yarda a sha a madadinsa ba, kofinsa yake so da gane-ganensa. Har akwai masu yin wata biyu a daji su koma Turai su buɗe nasu wurin. Kamar mutum ne ya sayi karan ɗori da tsumma a kasuwa ya ce ya zama maɗori.

Dare ɗaya aka bar ni na zauna a bakin ƙofa tare da masu taimako. Rumfa ce zagayayya mai rufin ganye, katifu a jere a jikin bango, kowace da bokitinta. Kowa ya je ya karɓi ɗan kofinsa ya koma, aka kashe fitila. Aka yi fiye da rabin awa babu abin da ake ji sai kwaɗi da ƙwari. Can sai wata 'yar tsohuwa, wadda tsawonta bai kai kafaɗata ba, wadda na wuni ina ganinta tana ɗinkin kene tana faɗa da jikokinta, ta ɗauki waƙa da wata siririyar murya can sama. Ba ganga, ba caki, murya kawai. Ta riƙa ja da gwiwa daga katifa zuwa katifa, ta zauna gaban kowa ta yi masa tasa waƙar. Masu amai na yi, masu kuka na yi. Wani ƙaton Bature ya firgita, ya miƙe yana ihu zai keta ragar sauro ya fita daji. Samari biyu suka tare shi ba tare da kokawa ba, suka zaunar da shi. Tsohuwar ba ta katse waƙarta ba, ta matso, ta kurɓi turaren ruwa ta fesa masa a tsakar ka da tafin hannu, ta sassauta muryar, ta yi ta yi har numfashinsa ya daidaita da nata. Na yi aiki da ma'aikatan jinya da yawa, kaɗan ne na gani da ke iya karanta ɗaki cikin haske kamar yadda wannan mata ta karanta shi cikin duhu.

Dalilin da ya hana ni sha a fili yake. Ni Musulmi ne, abin nan kuwa yana gusar da hankali na awa huɗu ko fiye, kuma waƙoƙin kira ne ga waɗanda suke ɗauka su ne masu tsirran. Fatawa ta malamai ce, ni dai zuciyata ba ta yi mini wasiwasi ba. Babu kuma wanda ya matsa mini. Hasali ma, ba kowane Bashipibe ne ke sha ba. Da yawansu Kiristoci ne da ba sa kusantarsa, wasu kuma tsoron abin suke, domin a wajensu mai iya warkarwa zai iya jifa, kuma zargin maita tsakanin masu magani ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan. Wannan ɓangaren ba ya shiga takardun talla.

Ina masana halayya suka shigo? A ƙauye, majinyaci na da dangi a kusa, mai maganin maƙwabcinsa ne, harshensu ɗaya, gobe ma zai gan shi. Baƙon da ya zo daga Landan ko Toronto ba shi da ko ɗaya. Yana ɗauke da abin da ya binne shekara talatin, cin zarafin ƙuruciya ko abin da ya gani a fagen yaƙi, jiƙon ya tono masa shi a dare ɗaya, bayan kwana goma ya hau jirgi ya koma ɗakinsa shi kaɗai. Tsohuwar da ta yi masa waƙa ba ta jin Turanci, Sifaniyanci ma aro ne a bakinta. Wannan giɓi ne masanan ke cikewa: su tantance mutum tun yana gida, su tambayi magungunansa da tarihin danginsa, su auna jininsa in ya iso, su zauna da shi kowace safiya ya amayar da abin da ya gani, su ci gaba da kiransa makonni bayan ya koma. Wurin da babu wannan, ba wurin zuwa ba ne.

Zaman nasu ba kullum yake tafiya sumul ba. Na ga ranar da suka saɓa a kan wata baƙuwa. Ɗaya daga cikin masu maganin ya ce aikinta bai kammala ba, ta sake sha a daren. Abokiyar aikina ta ce a'a, matar nan ta kwana biyu ba ta runtsa ba, maganarta ta fara gudu tana tsalle daga wannan zance zuwa wancan, in aka ƙara mata asibitin mahaukata za a nufa. Aka yi ta ja ta bakin tafinta, rai ya fara ɓaci. Tsohuwar nan ce ta raba gardama. Ta ce a bar ta ta shigo ta zauna, kada a ba ta komai, ita za ta sha ta yi mata waƙa. Ta kuma yi dariya ta ce ai kakanta haka yake yi, su ne dai suka zo da sabon salo. Haka aka yi, matar ta yi barci a daren.

Game da shaye-shaye kuwa, wurin da ya fi daɗewa yana haɗa hanyoyin biyu shi ne cibiyar Takiwasi da ke garin Tarapoto na Peru, wadda likita Bafaranshe Jacques Mabit da abokansa suka buɗe a 1992. Ba a ƙasar Shipibo take ba, amma tsarinta ya isa darasi ga mai zaton kofi ɗaya ne. Maza ake kwantarwa, kusan wata tara, ana farawa da yaye su daga abin da suke sha, suna aikin gona da girki da hannunsu, suna ganin masanin halayya a kai a kai, ana shiga da su halwar tsirrai lokaci-lokaci. Jiƙon ɓangare ɗaya ne cikin da yawa, kuma ba kowa ke kai ƙarshe ba.

Me binciken kimiyya ya ce? Akwai alama, ba a kai ga tabbas ba. Gwajin da aka fi ambata shi ne na jami'ar tarayya da ke Natal a Birazil, wanda ya fito a 2018. Mutum 29 ne masu ciwon damuwar da ya gagari magani, aka ba wasu jiƙon, aka ba wasu na bogi mai ɗaci da launi iri ɗaya. Bayan mako guda, kashi 64 cikin 100 na waɗanda suka sha na gaske sun samu sauƙi sosai, a ɗaya ɓangaren kashi 27. Sakamako ne mai kyau, amma mutum 29 ne, mako ɗaya ne, a cikin asibiti, bayan an tace duk mai haɗari an fitar. Wani binciken da ya fito a 2020 ya bi mutum 50 da aka yi wa rasuwa, waɗanda suka je wata cibiya kusa da birnin Ikitos na Peru da ke aiki da masu maganin Shipibo, ya ga baƙin cikinsu ya ragu har bayan shekara, sai dai babu rukunin da aka kwatanta su da shi. Sannan a 2022 aka wallafa amsoshin mutum sama da dubu 10 daga ƙasashe fiye da 50 da suka taɓa sha. Kusan kashi 70 sun ce jikinsu ya wahala, yawanci amai, kashi 2 da ɗoriya sai da suka ga likita. Fiye da rabi sun ce sun shiga wani hali na ruɗani ko fargaba a makonnin da suka biyo baya, duk da mafi yawansu sun ɗauke shi a matsayin hanyar samun sauƙi, kusan kashi 12 kuma sai da suka nemi taimakon ƙwararru. Ni da nake ba da magani kullum, ba zan kira wannan shirme ba, ba kuma zan kira shi sha yanzu magani yanzu ba.

Kasuwa kuwa ba ta jira bincike ba. Tun da fitattun mutane irin su ɗan fim Will Smith suka fara ba da labarin zuwansu Peru, abin ya ƙara zama ruwan dare. A Ikitos direban babur ma zai ce ya san wani babban mai magani. Inda kuɗi ya shigo 'yan damfara sun shigo. Akwai masu ƙara wa jiƙon ganyen towe don baƙo ya ga abin da zai ba da labari, shi kuwa towe ɗan'uwan zaƙami ne na jini, kuma duk Bahaushe ya san abin da zaƙami ke yi wa mutum. Akwai matan da aka ci zarafinsu suna cikin maye, har sai da masu bincike suka fitar da takardar gargaɗi ta musamman ga mata masu zuwa. A 2012 wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 18 ya mutu a wata cibiya a yankin Madre de Dios, mai wurin ya binne shi a ɓoye ya ce wa uwarsa ai ya tafi, sai daga baya ya amsa. A 2015 wani saurayi ɗan New Zealand ya mutu kusa da Ikitos bayan an ba shi ruwan taba don wankin ciki.

Su ma Shipibon sun ɗanɗana. Ranar 19 ga Afrilun 2018 aka harbe Olivia Arévalo Lomas a ƙofar gidanta a ƙauyen Victoria Gracia, kusa da Yarinakoca. Shekarunta 81, tana cikin manyan masu waƙar warkarwa da ƙabilar ke ji da su. Masu gabatar da ƙara sun tabbatar wani ɗan Kanada ne ya harbe ta, mutumin da ya tara gudummawa a intanet don ya zo ya koyi maganin tsirrai ya koma ya taimaki masu shaye-shaye. A ranar mutanen gari suka kama shi suka kashe, hoton bidiyon ya zaga duniya. Jaridun waje da yawa sun fi ba da ƙarfi a kan mutuwarsa fiye da tata.

Bayan wata huɗu, a Agustan 2018, masu maganin suka taru a Yarinakoca suka fitar da sanarwa, suka kuma kafa ƙungiyarsu. Kukansu shi ne ana haƙar iliminsu kamar yadda ake haƙar man fetur da katako a ƙasarsu, kuma 'ya'yansu ba sa iya koyon gadon gidansu saboda malaman sun tafi koyar da masu dala. Ba su faɗi ƙarya ba. Manyan cibiyoyin yawanci na baƙi ne, mako guda na cin dala dubu ɗaya zuwa uku, wadda ta kwana tana waƙa har muryarta ta dushe kuwa albashi take karɓa, ta bar ƙauyenta watanni babu mai duba marar lafiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ba yau aka fara ba: a 1986 wani Ba'amurke, Loren Miller, ya samu takardar mallaka a Amurka a kan wani nau'in kurangar, sai da ƙungiyar ƙabilun Amazon ta COICA ta tashi tsaye aka soke ta a 1999, aka mayar masa a 2001, wa'adinta ya ƙare a 2003. Kurangar kanta, da ke ɗaukar kimanin shekara biyar kafin ta isa sara, ta yi ƙaranci a kusa da garuruwa, sai an nutsa daji. Dajin ma tafiya yake: mutanen ƙauyen Santa Clara de Uchunya, Shipibo ne, sun yi shekaru suna shari'a a kan dubban hektocin da aka sare aka dasa kwakwar manja.

In ana son ganin maganin Shipibo a hannun masu shi, a duba 2020. Korona ta rufe iyakoki, baƙi suka ɗauke ƙafa, cibiyoyi suka rufe, asibitocin Pukalpa suka cika har iskar oksijin ta yanke. Wasu matasan Shipibo, malaman makaranta da masu zane, suka fara tsinko ganyen matiko suna aika wa 'yan'uwansu 'yan ci-rani a unguwar Kantagayo da ke Lima, inda cutar ta yi kamari. Daga nan suka zama ƙungiyar sa-kai mai suna Comando Matico, suka samu wuri a Yarinakoca suna kwantar da waɗanda asibiti ya kasa ɗauka, suna yi musu sirace da matiko da citta da tafarnuwa, suna tausa, suna haɗawa da farasitamol da abin da ya samu na asibiti. Matiko ba ya kashe ƙwayar korona, amma mutanen da da za su mutu su kaɗai a ɗaki sun samu mai jinya. Babu ayawaska a wannan labari, shi ya sa bai yi tashe ba.

Roƙona, Edita, guda biyu ne. Ku buga gargaɗin nan na tiramol da ƙwayoyin damuwa a wuri mai kyau, inda iyayen da suka karanta rahoton farko za su gani. Sannan in za ku sake komawa kan batun, kada ku tsaya a abin da kamfanonin dillancin labarai suka ɗauko daga bakin baƙi da masu cibiyoyi. Shipibo na da majalisarsu, Coshikox, masu maganin kuma na da ƙungiyarsu, Asomashk. Suna amsa 'yan jarida, Sifaniyanci kawai ake buƙata, kuma ba a rasa mai jin sa a jami'o'inmu ba.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai harhaɗa magunguna, ɗan Zariya mazaunin Ingila